Wa Ke Ba Mama Magani?

Wa za a ɗora wa laifi idan kowa alheri ya yi niyya? Har yau ban sani ba.

Mama na kwance a ɗakin gaggawa, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Likita ya ce maganin hawan jini ne ya yi mata yawa. Raina ya ɓaci, don ƙwaya ɗaya tak nake biyawa in ba ta kafin in wuce aiki.

Yayata na tsaye a ɗaya gefen gadon. Mun daɗe muna gaba, Mama ta yi roƙon duniya in gaishe ta, na ƙi.

"Wa ke ba ta maganin?" in ji likita.

"Ni," muka ce tare.

Ashe ina fita take shigowa da tata ƙwayar.

Likita ya dafe kai. "Mama, ba ki san sau biyu kike sha ba?"

"Na sani, ɗan nan. In na ce na riga na sha, ɗayansu zai yi fushi ya daina zuwa."

Na daɗe ina kallon takalmina. Sannan na zagaya gadon.

"Yaya, ina kwana?"