Tsatsar Wayar Malam Iliyasu

Inna Habi ta dire tsohuwar wayar tarho a kan teburin Zayyanu, mai gyaran agogo a kasuwar Goronyo. Baƙar nan ce ta zamanin da, mai faifan lambobi da ake juyawa da yatsa.

"Ɗan nan, mi ka yi ma wagga waya?"

Makon jiya ta kawo ta don ya liƙe mariƙinta da ya tsage. Da ya gama, sai ya ji faifan ya cije saboda tsatsa, da ƙyar yake juyawa. Zayyanu ba ya iya ganin abu ya cije ya ƙyale shi. Ya kwance faifan, ya wanke shi da kananzir, ya ɗiga mai man keken ɗinki, duk kyauta.

"Mai na sa mata, Inna. Ko jinjiri yana juya ta yanzu."

"Ai shi na gani. Tun da hannun maigidana, Malam Iliyasu, ya shanye, likita ya ce ya riƙa motsa shi da abu mai tauri. Munka ba shi wayar. Wata huɗu yana fama, bai wuce lamba uku ba. Ranar da na maida ta gida, ya juya duka goma."

"To, alhamdu lillahi."

"Ya ce ya warke. Ya bar shan magani, gobe zai hau mashin zuwa Rimawa."

Ta turo wayar gabansa.

"Kafin la'asar ka maida mata tsatsarta."