Na'urar da ke Damtsen Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar liƙa wa masu ciwon sukari na'urar insulin bayan tiyata, suka daina fargabar asibiti. Malam Tanimu tela, kwanansa uku da aikin ƙafa, tasa na'urar na manne a damtse, ba ta fi kwalin ashana ba. Ita ke auna sukarinsa, ita ke ɗiga masa magani, ciwon ƙafar kuwa har ya fara kamewa. Irin wannan ciwon ne ya raba yayansa da ƙafa shekarun baya.

"Alhaji, ka ga wannan?" ya ce da maƙwabcin gadonsa. "'Yata Asabe na cikin waɗanda suka ƙera ta."

Da hantsi Asabe ta zo, ta durƙusa ta gaishe shi. Sai wani ɗan dubiya ya wuce da ledar dabino. Malam Tanimu bai motsa ba, ido kawai ya bi ledar da shi. Na'urar ta ce cikin ladabi, "Baba, a yi haƙuri da dabino yau."

Alhaji ya sa hannu ya rufe tasa na'urar.

Malam Tanimu ya ce, "Asabe, ban fa faɗa wa kowa ba. A raina na yi sha'awa."

Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya juya ga Alhaji.

"Ka ji ko? Ko na'urarta ba ta yi wa babba tsawa. Tarbiyyar gidana ke nan."