Ya Zo Ran Litinin

Munzali ya mayar wa ubangidansa makullin Keke Napep yana dariya. Nan take aka ba wani.

Ɗazu Malam Nma, mutumin Bida mai makaranta a Tunga, ya kira mahaifiyar su Munzali: "Yaronki ya ci intabiyu. Ya zo ran Litinin."

Digirin Munzali ya daɗe yana shan ƙura. Wannan karon har ƙanwarsa Barira ya ja, ya koya mata amsa tambayoyi, ita ma ta shiga intabiyun neman aiki a makarantar.

Ran Litinin ta raka shi, riƙe da takardunsa.

Malam Nma ya dube su. "A'a, ba kai ba." Ya nuna Barira. "Shi muka ɗauka."

Sai lokacin Munzali ya tuna: a Hausar Malam Nma, mace ma "shi" ce.