Busar da Ba Ta da Suna

Begilar na tashi, tsohon ya miƙe ya ƙame ya sara. Amma maimakon tambarin kamfanin fim, sai tallar sabulu ta fito a bango. Gidan siliman Sabon Gari ya kaure da dariya.

"Baba Soja, sabulu ma hafsa ne?" in ji wani ɗan dako.

Shekara shida yana cika baki a Fagge cewa don su mazan yaƙin Bama Turawa suka yi wannan busar, shi ya sa ake buɗe fim da ita. Harsashi bai kayar da shi ba, zazzaɓin daji ma haka, amma dariyar nan ta zaunar da shi.

Washegari da hantsi ya ɗingisa wurin mai haska fim, wani Ibo.

"Ɗana, busar nan ta wace ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Baba. A sito take a Ingila, ita da dubunta. Mai fim ya ɗauka, mai sabulu ya ɗauka. Ko suna ba ta da shi, sai lamba."

Tsohon ya shafa ƙarfen lambarsa ta soja da ke wuyansa.

"Duk inda aka tura ta, zuwa take?"

"Zuwa take."

Bayan magariba sabulu ya sake fitowa. Tsohon ya dafa benci, ya miƙe da ƙyar, ya sara. Aka yi dariya.

"Ku yi ta yi," ya ce. "Soja yana gaida ɗan'uwansa ne."