Sabis Ya Cika A Shagon Gazali

Gazali mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin. Yana da ɗan shago jikin gidansu a Unguwar Rogo, inda yake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta intanet. Damuwarsa ɗaya, sabis ba ya shiga shagon sai ya fito bakin kwata ya ɗaga waya sama.

Da abin ya ishe shi, ya je Sabon Gari ya sayo na'urar ƙara ƙarfin sabis, aka haɗo shi da Sadiyatu, injiniyar da ke yi wa masu sayen na'urar saiti. Ta kafa eriya a kan rufi, ta buɗe manhajar na'urar a kwamfuta. Da aka zo wurin zaɓen ƙasa ta danna Nijeriya. Sabis ya shigo, amma bai cika ba.

Gazali ya ƙanƙance ido. "Malama, an ce man abin ga na da ƙarhi ƙwarai. Mi as sa kin ka rage shi?"

"Ba ni na rage ba, Malam Gazali, doka ta," in ji Sadiyatu. "Kowace ƙasa da yadda tar raba zangon sadarwa, da iyakar ƙarhin da an ka yarda da shi. In ka sa sunan wata ƙasa, za ta hau zangon mutane ta toshe musu kira. Don Allah kak ka taɓa wurin ga."

Ya ce to, amma a ransa ya gama yanke hukunci: so take ya riƙa kiranta gyara. Ko kwana ba a yi ba ya buɗe manhajar, ya zaɓi wata ƙasa can ƙetare da ko sunanta bai iya faɗa ba. Sabis ya cika fal. Ya yi dariya, yana ganin ya kama ɓarauniya.

Daga nan wayoyin unguwa suka rikice. Ka kira, ya yanke. A kira ka, a ce wayarka na kashe alhali tana hannunka. Mata suka fara zargin mazansu da ƙin ɗauka, masu saye suka ce 'yan kasuwa na ɓoye musu. Kowa na hararar kowa, Gazali kuwa na cikin shago aiki na gudu.

Inna, mahaifiyarsa, tana fama da hawan jini. Likita ya gargaɗe su cewa ranar da bakinta ya karkace ko hannu ya yi nauyi, a kawo ta cikin gaggawa. Don haka ne Gazali ya saya mata 'yar waya, ya sa lambarsa da ta wani mai keke napep. Da Inna ta yi ƙorafin wayar ba ta kira, sai ya tuna Malam Tambari mai gyaran waya ya taɓa canza mata batir. Ya tsaya ƙofar rumfar dattijon, gaban jama'a, ya ce ya sace kayan ciki ya sa na jabu. Malam Tambari ya dube shi ya ce, "Allah ya isa," ya ci gaba da aikinsa.

Khaula, matar Gazali, ta ce masa, "Baban Anas, ni dai tun randa ka kawo abin ga sabis yal lalace muna."

"Wa ya aiko ki? Halan kun yi magana da waccan injiniya?" in ji Gazali.

Wata Asabar ya tafi gonarsu a Dundaye, ya bar na'urar kunne a kan sola. Bayan azahar Inna na tsintar shinkafa sai faifan ya suɓuce mata, bakinta ya koma gefe. Khaula ta kira Gazali, bai shiga ba. Ta kira mai keke, bai shiga ba. Ta gwada wayar Inna, ta ari ta maƙwabciya, duk ɗaya. Ta ƙi barin tsohuwar ita kaɗai, tana ta dannawa tana kuka. Sai da ta fidda rai ta zura da gudu zuwa titi, kafin a samu abin hawa rana ta yi sanyi.

A asibiti likita ya girgiza kai, ya ce an makara. Inna ta rayu, amma ɓarin jikinta ya shanye, magana ta tafi.

Gazali na shirin kai Malam Tambari wurin 'yan sanda sai ga ma'aikatan hukumar sadarwa, masu binciken ƙorafin unguwa. Suna tafe da wani abin awon sabis a hannu, layi bayan layi, har ya kawo su ƙofar shagonsa. Shugabansu ya buɗe manhajar, ya juyo masa da kwamfutar.

"Malam, wa ya sa wannan ƙasar?"

Gazali ya waiga yana neman wanda zai nuna. Ba kowa sai shi. Aka cire na'urar, nan take wayoyin da ke aljihun 'yan kallo suka fara ƙara. Kunya da baƙin ciki suka zaunar da shi a ƙasa, ya fashe da kuka.

Yau wayar Inna na gefen matashinta, sabis cike. Idan wayar ta yi ƙara sai dai Inna ta bi ta da ido.

Jama'a, zangon sadarwa hanya ce ta kowa, kuma dokar ƙasa ce ta raba ta. Kada ka canza saitin ƙasa a na'urarka don naka ya yi ƙarfi, domin kiran da za ka toshe yana iya zama na ceton ran mahaifiyarka. Kuma kafin ka zargi mutane, fara duba abin da hannunka ya taɓa.