Hannun Marini

Ranar da aka sake buɗe silimar Alhaji Garba, tun la'asar layi ya miƙe har bakin titi. Watanni ke nan ƙofar tana garƙame saboda kwalara. Don ya jawo jama'a, Alhaji ya mai da tikitin kwabo talatin kwabo goma, ya sa aka zaga gari da lasifika ana shela. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, aljihu da nauyi, amma ba a taɓa jin wanda ya ƙi araha ba.

Lado yana cikin layin, sanye da riga wadda ta yi masa yawa, hannun hagu a aljihu. Da motar duba-gari ta ɓullo daga wajen Ƙofar Guga, kowa ya sunkuyar da kai, shi kuwa ya ƙara kutsawa tsakiyar mutane. Ciwon bai bar gari ba, zaman gida kawai aka gaji da shi.

Ba abin da Lado ke tsoro a duniya kamar sansanin da aka kafa a bayan gari: rumfunan zana, gadajen katako masu rami a tsaka da bokiti a ƙarƙashi, da amalanken da ke fita da gawa kafin hantsi. A ganinsa, duk wanda aka kwantar a can ya gama.

Silimar ba ta da rufi, bencina ne jere a fili. Lado ya nemi inda cunkoso ya fi yawa, ya zauna kusa da wani dattijo, Malam Babaji, marini daga unguwar Gobarau, wanda shuni ya cinye hannuwansa har wuyan hannu. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi jama'a, aka yi addu'ar Allah Ya kau da annoba. Dattijon ya lura leɓɓan Lado sun bushe, sai ya yafuto Almu mai ruwa, wanda ke yawo da bokiti da moɗa guda.

"Fara sha, ɗana. Na ga ƙishirwa ta fi kama ka."

Lado ya shanye tas, aka ƙara masa. Malam Babaji ya karɓi saura ya kurɓa, ya miƙa wa na gaba, moɗa ta bi benci har ƙarshe kamar yadda aka saba.

Bayan magariba aka sa fim. Lado bai san abin da ake nunawa ba. Idonsa na kan ƙofa. In wani ya yi tari sai ya zabura, in wani ya tashi zuwa bayan gida sai ya bi shi da kallo. Gumi mai sanyi ya jiƙa masa baya.

Ana tsakiyar wata rawa hoton ya ɗauke. Aka ji ƙarar sakata, an kulle ƙofa.

Wani mutum mai kayan kaki ya hau kan benci da lasifika. Shi ne Markus, sabon shugaban duba-gari, wanda bai daɗe da zuwa daga Jos ba. Ya ce kowa ya zauna inda yake. Wani majinyaci ya gudu daga sansani da azahar, kuma an ga ya nufo nan. Ya ce duk wanda aka kwantar a sansani ana shafa masa shuɗin magani a babban yatsan hagu, saboda haka kowa ya ɗaga hannuwansa idan an zo kansa.

Ma'aikata suka faro daga gaba da tocila, benci bayan benci. Hannuwa suna tashi suna sauka. Kowa na satar kallon maƙwabcinsa, kowa na janye gwiwarsa. Malam Babaji yana ta salati a hankali, har ya dafa kafaɗar Lado ya ce kada ya damu, mai gaskiya ba ya rawar jiki.

Haske ya iso bencin da ke gabansu. Sai Lado ya miƙe zumbur, ya nuna dattijon da hannun dama.

"Ga shi nan! Ku dubi hannunsa!"

Tociloli suka haɗu a kan yatsun Malam Babaji. Nan take wurin ya hargitse. Bencina suka kife, bokitin Almu ya tuntsure, manya suna tattake juna.

"Ni marini ne, jama'a," in ji dattijon. "Shuni ne. Wa bai san ni ba a Gobarau?"

Waɗanda suka san shi sun riga sun kai ƙofa. Markus kuwa bai taɓa tsayawa a bakin marina ba, kuma a hasken tocila shuɗi duk shuɗi ne. Aka lulluɓa wa dattijon bargo, aka tasa shi zuwa mota. Sau ɗaya ya waiwayo ya dubi Lado.

Jama'a suka ɓalle ƙofar, suka kwarara waje, Lado a tsakiyarsu. Bai tsaya ba sai da ya bar fitilun gari a baya, ya kama hanyar Batagarawa. A nan ya durƙushe a gindin wata katanga yana haki.

Sannan ya zaro hannunsa na hagu daga aljihun rigar da ya tsinta a kan shanya, ya shiga dirje babban yatsan da ƙasa, amma shuɗin da aka shafa masa da safe ya ƙi fita.