Tsohon da Ya Fi Kowa Iya Wasa

Ɗakin kallo a Sinnar ta ƙasar Sudan ya kece da dariya. A fim ɗin, ɗan takarar bogi ya yanke ƙyalle, ruwa ya kwararo cikin busasshiyar tur'a, magudanar ban ruwa. Sai ga wani tsoho a guje, rungume da ƙwaryar iri, yana kabbara yana sa wa ɗan takarar albarka.

Matar da ke kusa da Maijidda ta share hawayen dariya. "Wallahi wanga tsoho ya fi su duka iya wasa! Kin san shi?"

"Babana ne," in ji Maijidda.

"Mashallah! Ina ya koyi fim?"

Ranar da masu fim suka zo ƙauyensu, ba wanda ya gaya wa Baba Garba wasa ake yi. Ya ga ruwa ya nufi hawasharsa, gonar da ta daɗe a bushe, ya kwaso 'yar dawar da ta rage musu ta ci, ya shuke duka. Ashe ruwan tanka ne aka juye. Kafin la'asar ƙasa ta shanye shi.

"Bai koya ba," Maijidda ta ce. "Har ya rasu yana tambayata yaushe mai girma zai dawo ya buɗe ruwan."